Mayafin Ƙyallaye da Hoton da Ba Mu Ɗauka Ba

Zuwa ga 'yar Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da mai gidanki. Ya gajiyar haɗa kaya? Allah ya sa wannan ƙaura taku zuwa Jos ta zama ta alheri, ya tsare muku hanya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya sa ku sha ruwan garin lafiya.

Na san za ki yi dariya ki ce, tsakanin gidanku da namu ko tuwo aka ɗauko ba zai huce a hanya ba, me ya kai Yaya ga rubuta wasiƙa? To, ke ma kin san bakina. In kina gabana ba abin da ya iya sai “kin ci abinci?” da “ki gaida gida.” Hannuna ya fi shi ƙarfin hali, shi ya sa na ba shi aikin.

Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa maganarki ce ta ranar Juma'a. Kina kan tabarma, kin juye gwangwanin hotunan gidan nan kina zaɓen waɗanda za ki tafi da su, sai kika ce, “Yaya, kin san babu ko ɗaya da muke tare ni da ke?” Da dariya kika faɗa. Ni kuma na ce ai hoto ba abinci ba ne, na tashi na je duba tukunyar da ba ta nemi a duba ta ba. Tun ranar maganar ba ta bar ni ba. Ba na so ki tafi garin mutane da ita a ranki, kina zaton wadda ta haife ki ba ta taɓa son tsayawa kusa da ke ba. Zan ba ki amsa, amma ki yi haƙuri in biyo ta hanyar da na iya. Ni tela ce, ta wajen tsumma nake fara kowace magana.

Babanku zai kawo miki takardar nan tare da ƙunshi guda. Ki kwance shi ki shimfiɗa a gado. Mayafi ne mai kauri da na haɗa da ƙyallaye, na sa tsohon gwado a cikinsa, na bi shi da ɗinkin hannu layi bayan layi don kada cikin ya tattare. An ce sanyin garin nan ba ya jin magana, to ga abokin faɗansa. Wata bakwai ina ɗinkinsa, duk sanda na ji sallamarki sai in tura shi ƙarƙashin gado. Babanku ya ce kamar taswirar gonakin gado, kowa da ɗan yankinsa, kuma bai yi ƙarya ba. Kusan kowane ƙyalle a jikinsa akwai wautar da na tafka a kansa.

Ki fara da na gefe, shuɗayen nan da suka koɗe. Saƙin Inna ne, mahaifiyata. Ita ta gurza audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa zaren da mazari, damina biyu tana tarawa. Aka kai marina aka rina, wani masaƙi a wajen Baure ya saƙa, sannan aka kai mabuga aka buge shi har yana ƙyalli. Da shi aka lulluɓe ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Ina amarya, ina ji da tsafta, sai na ga duk inda zanen ya taɓa jikina ya bar shuni. Na ce wannan ai datti ne. Na jiƙa shi da garin sabulu tun safe har la'asar, na dirje shi a kan dutse, na shanya a tsakar rana. Ruwan da na zubar kaɗai ya isa a rina wani zanen. Da Inna ta zo ganin ɗaki na ɗauko shi da alfahari na nuna mata. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, “Sannu da aiki. Kin wanke damina biyu a wuni ɗaya.” Da ma duka ta yi mini ya fi sauƙi.

Don haka, in tsohon abu ya zo hannunki, kada ki fara da gyara shi, ki fara da tambaya. Kayan rini ba sa son sabulu mai ƙarfi, ba sa son dirza, ba sa son rana. A kakkaɓe su, a shanya a inuwa su sha iska. In wankin ya zama dole, ruwan sanyi da hannu mai taushi. Garin neman gira na rasa ido, ke kada ki bi sawuna.

Kusa da kusurwar dama za ki ga wani farin ƙyalle, sabon yadi ne, bai dace da 'yan'uwansa ba. Da gangan na sa shi. Gurbin lurun Baba ne. Kakanki fataucin shanu yake yi, ta Kongolam yake tsallakawa kasuwannin ƙetare, kuma duk tafiyar da zai yi wannan lurun na kafaɗarsa. Shi ne shimfiɗarsa, shi ne mayafinsa, shi ne laimarsa. Da ya rasu aka raba tufafinsa, lurun ya faɗo rabona. Yana warin hayaƙi da shanu, ga nauyi, ga faci a wuri uku. Rannan mai musayar robobi da tsofaffin kaya ya yi kira a ƙofar gida, na leƙa na ga wani jan baho yana sheƙi. Kafin hankalina ya dawo daga inda ya je, luru ya tafi, baho ya shigo. Ko shekara bahon bai yi ba ya tsage tun daga baki har gindi. Babanku ya ɗaga shi yana leƙena ta tsagar, ya ce, “Ga gadonki nan yana yoyo.” Na yi dariya, amma da ya fita sai da na yi hawaye. Har yau in na ji warin hayaƙin kara a jikin tufa, Baba nake tunawa, kuma ba ni da ko zare ɗaya nasa da zan sa miki.

Ki ji ni da kyau. Roba ba ta ƙarewa a kasuwa, gobe ma za a kawo wadda ta fi ta. Abin da mutum ɗaya ya sa a jikinsa shekara talatin kuwa, ba a yin na biyunsa. In ranki ya raya miki rabuwa da irin wannan, ki kwana bakwai tukuna. In har bayan nan ba kya so, ki ba wani a cikin dangi, kada ki ba bare.

Daga nan fa sai na koma ɗaya ɓangaren. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na tattara duk abin da ya rage: saƙin Inna, gwadon da aka yi mini gara da shi, zanen tsamiya na Hajiya, kakarki, wanda ta bar mini, hular saƙa ta kakanku na wajen uba, da wasu zannuwa. Na ɗaure kowanne a leda tamau, na jera a akwatin ƙarfe, na sa kwaɗo, na tura lungu a kan siminti. Kin tuna yadda nake korar ku in kun zauna a kansa. Shekaru akwatin nan yana rufe, ni kuwa hankalina kwance, ina ganin na fi kowa iya adana. Bara, bayan ruwa ya ɗauke, Gwaggo Asabe, yayar Babanku da ke aure a Sandamu, ta zo ta ce in nuna mata zanen tsamiyar uwarta. Na ɗauko mabuɗi ina taƙama. Muna ɗaga murfi wari ya buge mu. Danshi ya shiga ta ƙasa, leda ta riƙe shi, fumfuna ta yi fari a kan komai, asu kuma ya yi biki ya tashi. Zanen tsamiyar da muka ɗaga, ana hango tsakar gida ta cikinsa. Gwaggo ta zauna daɓas ta ce, “Ke kuwa da ɓarawo kika ba ajiya, da ya bar mana wani abu.”

Ita ce kuma ta hana ni zubarwa. Ta ce a yanke inda ya tsira a haɗa, ai ko tsumma ya san gidansu. Mafarin mayafinki ke nan. Ruwan ƙasan nan masu santsi da kike gani, su ne abin da asu ya rage mana na zanen Hajiya.

To, ga abin da na koya da tsada, ke ki karɓa kyauta. Tufa ba ta son leda, numfashi take yi. Ki naɗe ta a tsohon farin zane mai tsabta. Akwati kada ya taɓa ƙasa, a ɗora shi a kan katako ko bulo. Ki zuba kanumfari da busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ɗan ƙyalle, ki riƙa sabuntawa. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ki fito da komai ya sha iska, ki sauya ninki don kada ya karye a wuri ɗaya. Kuma ranar da kika fito da su, ki kira yara su taɓa, su tambaya, su ji na wane ne. Wannan mayafin ma ban ɗinka don akwati ba. Ki rufa da shi, in ya yage ki yi faci, in wani ƙyalle ya mutu ki sa naki.

Yanzu hotuna, tunda su suka jawo maganar. Inna hoto ɗaya ta taɓa ɗauka a duniya, shi ma sai da aka yi kamar za a ɗaure ta. Da aka fara yayin manne takardu a leda da injin zafi, na ɗauki hoton da ƙafata na kai shago, wai kada ya lalace. Ya fito yana ƙyalli, na rataye shi a bango inda rana ke faɗowa ta taga. Cikin 'yan shekaru ledar ta kumbura, fuskar ta dushe, kuma ba dama a ɓare, don in an ja leda da fuskar take tahowa. Yau in kin duba, ɗankwali ne da kafaɗu, Inna ta tafi ta bar su. Kada ki manne tsohon hoto, kada ki rataye na asali a bango. Ki sa a sake ɗaukar hotonsa a wanke, ki rataye sabon, tsohon ya zauna a ambulan cikin inuwa. Na waya kuma kada ki yarda da su. Kin ga yadda wayar Babanku ta faɗa randa ta tafi da bikin mutum uku. Wanda kike so ya kai ga jikoki, ki wanke shi ya zama takarda.

Amma wannan ƙaramar ɓarna ce a kan ta sunaye. Ki juya hotunan da kika zaɓa ki ga abin da na rubuta a bayansu tun da. “Malam da yayansa.” “Mai gida.” “Hajiya da baƙi.” “Yarinyar nan ranar sauka.” Ni a lokacin na san kowa, kuma ina jin nauyin sunayen. Sunan miji ba ya faɗuwa, na suruka ba ya faɗuwa, na yayyen miji haka, na 'yar fari kuwa ba a ma zancensa. Bakina bai faɗa ba, hannuna ma ya ƙi rubutawa. Akwai hoton maza biyar a ƙofar zaurenmu, sun sha manyan riguna. Hajiya ta san su duka har da iyayensu, amma ina suruka zan zauna in ce mata wane ne wannan, wane ne wancan? Na ce wata rana. Wata rana ta zo, Hajiya ba ta nan. Makon jiya na hau mota na je Sandamu da gwangwanin a cinyata, muka wuni da Gwaggo Asabe tana kanne ido tana faɗa ina rubutawa. Uku ta gane a cikin biyar ɗin. Sauran biyun jininki ne, suna tsaye a ƙofar gidan ubanki, kuma ba sauran mai rai da ya san sunansu.

Ki rubuta suna cikakke, da na uba, da garin, da abin da ya tara mutane. Da fensir, a hankali, don biro yana huda takarda ya fito ta fuska. Takarda ba surukarki ba ce, ba za ta ce kin yi rashin kunya ba. In akwai tsoho a dangin mijinki, ki kai masa goro ki zauna ki tambaya tun yana ganewa.

Saura na tsakiya. Atamfar nan mai ganye-ganye, wadda ta sha wanki har ta yi laushi. Na san ba ki san ta ba.

Ke ce ta fari, kin san al'adarmu. Tun ranar suna Hajiya ta karɓe ki, ni tawa shayarwa ce kawai, ita ma a ɗaki, labule a sake. Ba na ɗaukarki a gaban mutane, ba na yi miki wasa, in kin faɗi sai dai in ce, “Wani ya ɗaga yarinyar nan.” Da aka yaye ki kika koma ɗakin Hajiya gaba ɗaya, kika tashi kina ce mata Mama, ni kuma Yaya, yadda kika ji ƙannen Babanku suna kirana. Kowa ya yaba mini, aka ce matar nan akwai kunya. Ni ma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk ranar da Hajiya ta fita barka ko suna da hantsi ta bar ki kina barci, gida ya yi shiru, sai in ɗauko wannan atamfar in goya ki. In share tsakar gidan da na riga na share, in kewaya bishiyar lemo, in dawo. Numfashinki a bayan wuyana, ɗan hannunki yana jan kitsona. Ina kiran sunanki a hankali, na gaskiya, wanda liman ya raɗa. Rannan ina cikin haka Hajiya ta dawo ɗaukar abin da ta manta, muka yi kiciɓis a bakin rijiya. Na rasa inda zan sa kaina. Ta dube ni, ta dubi ƙafafunki da ke lilo, ta kau da kai ta ce, “Oh, ni idon nan nawa ya tsufa, ko gabana ba na gani.” Ta ɗauki abinta ta fita. Daga ranar unguwarta ta yawaita, kuma in ta dawo sai ta tsaya a zaure ta yi ta sallama da tari kamar baƙuwa, har sai na kwance ki. Allah ya ji ƙan Hajiya, ya haskaka kabarinta.

Kin ga ke nan ita ba ta hana ni ke ba. Ni ce na riƙe kunyar fiye da yadda aka ɗora mini, har bayan kin girma, har bayan Hajiya ta rasu, har ta zama mini jiki. Ranar saukarki ta Alƙur'ani, da mai hoto ya zo, kin kamo gyalena kin ce, “Yaya, zo ki tsaya nan.” Na fizge na ce, “Sakar mini, je ki wajen uwarki.” Na ga yadda fuskarki ta yi. Ki ɗauko hoton ki duba gefen hagu, can ƙarshe, za ki ga bakin wani koren gyale da gwiwar hannu. Ni ce. Iyakar matsowar da na iya ke nan.

Wannan shi ne babban kuskurena, ya fi na saƙi, ya fi na luru. Abin da na yi wa kayan akwati shi na yi miki: na ƙulle son da nake miki na sa kwaɗo, ina zaton adana shi nake. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, ado ce, kuma ina so ki riƙe taki. Amma na ga ƙafafunki sun fara nauyi, na ga abin da kike ci da abin da kike turewa, ban dai ce komai ba. In Allah ya sauke ki lafiya, can ba Hajiya, ba Gwaggo, ke ce kowa nasa. Ki goya abinki a tsakar gida da rana tsaka. Ki kira sunansa ya ji daga bakinki. In an zo ɗaukar hoto, ki riƙe shi ki dubi mai ɗauka.

Ni dai alhamdu lillahi, ban da abin da zan ce wa Ubangiji sai godiya. Na ga girmanki, na ga aurenki, ga hannuna bai mutu ba har na gama wannan ɗinki. Abu ɗaya ya rage. Ranar Asabar, kafin motarku ta ɗauki hanya, ki biyo ta gida da ɗan sauran lokaci. Na gaya wa Babanku ya goge gilashin sabuwar wayarsa. Kin san shi da yanke kawunan mutane, don haka sai ya ɗauka sau uku ko huɗu. Zan sa koren gyalen nan, yana nan, asu bai same shi ba. Ba sai kin ja ni ba wannan karon. In an wanke, ki aiko mini da ɗaya, ni zan rubuta bayansa, na riga na feƙe fensir.

Ki gaida mai gidanki, ki ce na ba shi amana. Allah ya kiyaye ku a tafiya da zama, ya raba ku da sharrin hanya da na mutum, ya sauke ki lafiya, ya sa in ga abin da za ki goya. Kafin ki naɗe mayafin, ki ɗaga kusurwar hagu ta ƙasa, akwai abin da na ɗinka da jan zare. Sau uku ina warwarewa, amma na gama shi, harafi bakwai da biyu, ba wanda na rage.

Allah ya yi miki albarka, Zulaihatu.

Ni ce,
Mahaifiyarki.